Yaron da ba ya rubuta insha'i: shekara guda a aji huɗu

## Bayanan farko

Yaron ɗan shekara tara ne, yana aji huɗu a wata makarantar firamare, a ajin da ke da ɗalibai 44 da malama ɗaya. An sakaya sunansa da na makarantar. Abin da ke cikin wannan nazari an tattaro shi ne daga rajistar aji, da littattafan aikin yaron, da kuma hira da malamar ajinsa, malamin zane da mahaifiyarsa.

Har ya gama aji uku babu wanda ya taɓa kawo ƙorafi a kansa. Yana karatu, a hankali dai, yana bin layi da yatsa. Idan aka karanta wa aji labari aka yi tambaya da baki, yana cikin masu fara ɗaga hannu. Lissafinsa tsaka-tsaki ne. An duba idonsa da kunnensa a asibiti ba a sami komai ba. Rubutunsa manya-manya ne, yana kuma danna fensir har sawun ya fito a bayan takarda.

Jadawalin makarantar ya ware wa zane da sauran fasahohi darasi ɗaya na minti 40 a mako, shi ne kuma darasin ƙarshe kafin a tashi hutun ƙarshen mako. Ba a ɗauki malami musamman dominsa ba. Malamar aji ce ke riƙe da shi, kuma ita da bakinta ta ce mako uku cikin huɗu gyaran lissafi ne ko ƙarasa kwafi daga allo ke cinye lokacin.

## Satumba zuwa Oktoba: yadda abin ya fara

A aji uku yawancin rubutu kwafi ne da cike gurbi. A aji huɗu aka shigo da insha'i, kowace Talata: malama ta rubuta take a allo, ta ba da minti 20, ta ce a rubuto layi goma. A Talata ta farko yaron ya rubuta kwanan wata da taken, ya ja layi a ƙarƙashi, bai ƙara komai ba. A ta biyu ya yi layi biyu ya goge su. A ta uku ya yage shafin.

Daga nan sai wasu abubuwa suka biyo baya. Ya fara neman izinin zagayawa da zarar an ɗauko littafin insha'i, ba ya dawowa sai an aika a kira shi. Yana zungurin na kusa da shi, yana karya bakin fensir don a bar shi ya je ya feƙe. A gida kuma ciwon ciki ya ɓullo, wanda mahaifiyarsa ta lura cewa safiyar Talata yake zuwa. Zuwa ƙarshen zangon farko rajista ta nuna ya yi fashin kwana 7, biyar daga ciki Talata ne. An fitar da shi daga aji sau 11. Matsakaicin abin da yake rubutawa a minti 20 layi biyu ne, yayin da yawancin ajin ke yin bakwai zuwa goma.

Da malama ta tambaye shi dalili, amsarsa ɗaya ce kullum: "Malama, ban san abin da zan rubuta ba."

## Nuwamba zuwa Disamba: ƙarin darasi

Malamar aji da shugaban makaranta suka zauna da mahaifin yaron, aka tsayar da cewa rashin gwaji ne da wasa. Aka ɗauki matakai uku. Aka cire shi daga darasin zane a makonnin da ake yin sa, yana zama a bayan aji yana kwafar sakin layi daga littafin karatu. Mahaifinsa ya samo malamin da ke zuwa gida sau uku a mako yana yi masa shifta. Sannan aka karɓe wani tsohon littafi da yake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur yana zane a ciki, malama ta kulle shi a durowarta.

Bayan mako shida rubutun hannunsa ya gyaru sosai, haruffan sun ƙanƙance sun zauna a kan layi. Makinsa na shifta ya tashi daga 4 zuwa 6 cikin 10. Insha'i kuwa yana nan inda yake, layi biyu ko uku, kuma ciwon cikin Talata bai fasa ba. Mahaifiyarsa ta ce a wannan lokacin ne ya daina ba ta labarin makaranta gaba ɗaya. In ta tambaya sai ya ce "lafiya lau, Umma," ya wuce.

## Janairu: zane a matsayin lada

Da aka dawo zango na biyu aka sauya dabara. Aka ce duk ranar da ya cika layi biyar za a ba shi hoto da fensir masu launi ya shafa. Ranar farko ya cika layi biyar ɗin, amma jimla ɗaya ce ya maimaita sau biyar da ɗan canji. Ya shafa hoton cikin minti uku ya ture shi gefe. Mako na uku ko hoton bai ƙara nema ba.

A wannan watan ne kuma aka gwada kunna kiɗa mai taushi a aji lokacin rubutu, domin shugaban makarantar ya ji ana cewa sauraron kiɗan Mozart, wani shahararren mai tsara kiɗa na Turai, yana ƙara ƙwaƙwalwa. Asalin wannan magana wani ƙaramin gwaji ne da aka wallafa a 1993, wanda aka yi da ɗaliban jami'a 36 a Amurka, ba yara ba. Abin da aka gani shi ne ɗan ƙarin maki a wani gwaji na hasashen siffofi, kuma ya gushe cikin kimanin minti 10 zuwa 15. A wannan ajin kiɗan bai canza komai a littafin yaron ba, aka daina bayan mako biyu.

## Fabrairu: littafin da ke cikin durowa

A farkon Fabrairu makarantar ta sami malamin zane na wucin gadi, yana zuwa kwana biyu a mako. Aka mayar da darasin zuwa safiyar Litinin, aka ƙara wani ranar Alhamis. Malamar aji, tana ba shi labarin ɗalibanta, ta ɗauko littafin da ta kulle ta nuna masa a matsayin shaidar abin da ke ɗauke wa yaron hankali.

Malamin ya daɗe yana buɗe shafukan. Kusan duk manyan motoci ne, amma abin da ya ja hankalinsa shi ne ba zane ɗai-ɗai ba ne. A shafi ɗaya mota tana tafe da kaya. A na gaba tayar baya ta fashe, an zana ɓarɓashin roba yana tashi. A na uku direba ya durƙusa da jak, yaron mota na riƙe da tocila, an kuma duhunta sama da fensir don nuna dare ya yi. A na huɗu motar ta ci gaba, tsohuwar tayar na ɗaure a saman kaya. Ya ce wa malamar: "Malama, ai ga insha'in da kike nema nan. Akwai farko, akwai matsala, akwai ƙarshe. Haruffa ne kawai babu."

Suka amince a mayar masa da littafinsa, a kuma dawo da shi darasin zane ba tare da wani sharaɗi ba.

Darasin farko da malamin ya yi wa ajin gaba ɗaya ya cancanci a tsaya a kansa. Ya ajiye wani tsohon takalmi a kan tebur ya ce kowa ya zana. Cikin minti biyu yawancin yara sun gama, kowa ya zana takalmin da ke cikin kansa: doguwar siffa da ɗan rami a sama. Sai ya ce a juya takarda. Ya hana a taɓa fensir na tsawon minti uku, ya riƙa tambaya: ina dunduniyar ta fi cinyewa, dama ko hagu? Ramukan igiya nawa ne, nawa ne igiya ta bi ta ciki? Ina fatar ta tattare? Yaron ne ya fara lura cewa akwai ɗinki na baƙin zare a gefe ɗaya, alhali sauran ɗinkin fari ne. Ya ce, "An taɓa gyara shi." Malamin ya ce, "Wa ya gyara, kuma don me?" Ajin ya ɗauki surutu, kowa da nasa labarin mai takalmin. Zane na biyu ya ɗauki minti 25, babu wanda ya nemi fita.

## Maris: zana, faɗa, rubuta

Malaman biyu suka haɗa darasin Litinin da insha'in Talata. Ranar Litinin kowane yaro zai ninke takarda ta zama gida shida, ya zana labarinsa gida-gida. Ranar Talata zai fara ba wa na kusa da shi labarin da baki yana nuna hotunan, minti biyu, sannan ya rubuta aƙalla jimla ɗaya a kan kowane gida. An yi wa ajin duka haka, ba a ware shi ba.

Ba a fara da nasara ba. Mako na farko ya ƙare minti 40 a gida ɗaya yana gyara fitilun mota, ya zo Talata babu labari. Malamin ya sa ƙa'ida: minti huɗu ga kowane gida, in ya tafa hannu a wuce na gaba, ado sai an gama. Mako na biyu wata matsala ta fito, wadda ita ce dai ake gani a rubutunsa: yana gogewa har takarda ta huje. Sai aka karɓe fensir da magogi daga ajin duka aka raba biro. Malamin ya zana doki a allo da gangan ƙafa ɗaya ta fi tsawo, ya rubuta "na 1" a gefe, ya tambayi yara abin da za a gyara, ya zana "na 2" kusa da shi bai goge na farko ba. Daga ranar kowane zane a ajin yana da lamba, kuma yara suka saba da tambayar juna, "Wannan na nawa ne?"

Malamar aji ta ɗauki wannan ta kai cikin insha'i. Ta ce rubutun Talata "na 1" ne, ba za ta sa jan biro a kan kuskuren haruffa ba sai a "na 2" ranar Laraba. A mako na uku yaron ya rubuta layi shida. Jimlarsa ta farko, bayan an gyara haruffanta, ita ce: "Direban ya ji ƙara a baya amma ya yi kamar bai ji ba saboda yana son ya isa kafin dare." A mako na biyar ya yi layi tara. Shiftar gida ta ci gaba, sai dai an rage ta zuwa sau biyu a mako, kuma kalmomin da ake yi masa daga cikin labaransa ake ɗebo su.

A ƙarshen zango na biyu rajista ta nuna fashin kwana 5, huɗu daga ciki kafin tsakiyar Fabrairu. An fitar da shi daga aji sau 6.

## Afrilu zuwa Yuni: wasan kwaikwayo

Ganin ci gaban da aka samu, makarantar ta ba shi babban matsayi a wani ɗan wasan kwaikwayo da za a yi a taron ɗalibai, da layuka takwas da zai haddace. Ya haddace su tsaf a gida. Da ya hau dandali ya ga makaranta duka ta zuba masa ido, sai bakinsa ya mutu. Wasu suka yi dariya. Washegari bai zo ba, kuma Talatar da ta biyo baya ya koma layi uku.

Malamin zane ya ba da shawarar a bar dandali a dawo da wasan cikin aji, babu 'yan kallo, babu hadda. Ana karanta labari daga littafin karatu, a raba yara rukuni na mutum biyar, kowane rukuni ya tsaya cak a matsayin hoton wani wuri a labarin, malama ta dafa kafaɗar yaro ɗaya ya faɗi abin da mutumin da yake wakilta ke tunani. Wani lokaci kuma a zaunar da yaro a kujera a matsayin wani daga cikin mutanen labarin, sauran su yi masa tambayoyi.

A tsakiyar Mayu aka karanta labarin wata yarinya da ta ɓace wa yayanta a cikin cunkoson tashar jirgin ƙasa. Yaron ya zauna a kujera a matsayin yayan. Wata ɗaliba ta tambaye shi, "Me ya sa ka saki hannunta?" Ya yi shiru har malama ta yi niyyar sa baki, sannan ya ce, "Ban saki ba. Tikitin ne ya faɗi, na sunkuya in ɗauka." Babu wannan a cikin littafin. Da aka ce kowa ya rubuta wasiƙar da yayan zai aika wa mahaifiyarsu, ya yi layi 14, ya kuma nemi ƙarin minti biyar.

## Yuli: inda aka tsaya

A zango na uku ya yi fashin kwana 2, ɗaya shi ne washegarin taron. An fitar da shi daga aji sau 2. Matsakaicin insha'insa a minti 20 ya kai layi 11, kuma a jarrabawar ƙarshen shekara, inda ba a ba da damar zane ba, ya yi layi tara bayan ya ɗan zana labarinsa a ƙananan gida huɗu a gefen takardar tambaya. Shifta tana 6 zuwa 7 cikin 10, har yanzu yana cin haruffa a dogayen kalmomi. Saurin karatunsa ya ɗan ƙaru, ba da yawa ba. Lissafi bai motsa ba. Ciwon cikin Talata ya tafi, kuma mahaifiyarsa ta ce yanzu sai ta ce masa ya bari ta gama aiki kafin ya ƙarasa mata labari.

Malamar ta ce akwai wasu yara huɗu ko biyar da ba su taɓa tayar da hankalin kowa ba, amma su ma rubutunsu ya tsawaita a wannan lokaci. Da ma suna cikin matsala iri ɗaya, shiru kawai suke yi.

## Abin da lamarin ya nuna

Insha'i aiki uku ne ake ɗora wa yaro a lokaci guda: ya samo abin faɗa, ya jera shi, sannan ya mayar da shi haruffa da hannunsa. Babba ba ya jin nauyin na ukun domin ya zame masa jiki. Yaron da har yanzu yake tunanin yadda ake rubuta kowace kalma, kafin ya gama kalma ta huɗu jimlar ta gudu daga kansa. Da yake cewa bai san abin da zai rubuta ba, gaskiyarsa ya faɗa, ko da yake labari na cike da kansa. Ƙarin darasin Nuwamba ya yi aiki a kan kaso na uku kaɗai, ya kuma yi amfani a nan, amma an saye shi da tsada: an karɓe wuri ɗaya tilo da yaron ke yin kaso na farko da na biyu. Ladan Janairu ya gaza domin shafa launi a hoton da wani ya zana ba ya buƙatar shawara ko ɗaya daga yaro. Takarda mai gida shida ta riƙe masa labarin a gabansa, hankalinsa ya samu sararin fama da haruffa. Biro da lambar "na 1" kuwa sun cire masa tsoron kuskure, wanda a ganina shi ne ya fi komai ɗaure masa hannu.

Lamarin yaro ɗaya ba hujja ba ne a kan kowa. Ya ƙara shekara a wannan lokaci, ya sami kulawar malamai biyu, kuma ba a daina shifta ba. Sai dai abin da aka gani ya yi daidai da bincike mafi ƙarfi da ake da shi. A birnin Houston na Amurka, masu bincike Daniel Bowen da Brian Kisida sun bi makarantu 42 da ɗalibai fiye da 10,000, inda aka yi ƙuri'a wajen zaɓen makarantun da za su sami ƙarin shirye-shiryen fasaha. Sakamakon da suka fitar a 2019 ya nuna raguwar ɗaliban da ake hukuntawa kan rashin ɗa'a da maki 3.6 cikin ɗari, da ƙaruwar makin rubutu, da ƙarin tausayin wasu. Ba su ga wani canji na a-zo-a-gani a karatu, lissafi ko kimiyya ba, kamar dai yadda lissafin wannan yaro bai motsa ba. Tun a 2000 wata mai bincike, Ann Podlozny, ta tattara nazarce-nazarce 80 a kan wasan kwaikwayo na cikin aji ta ga yana ƙarfafa fahimtar labari da iya magana da rubutu, kuma bitar da OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba, ta fitar a 2013 ta sake nuna cewa a cikin fasahohi, a wasan kwaikwayo ne shaida ta fi ƙarfi. A ɗaya ɓangaren, Giovanni Sala da Fernand Gobet sun duba nazarce-nazarce 54 a 2020 suka ga cewa idan aka tsara gwaji da kyau, koyon kiɗa ba ya ƙara wa yaro maki a sauran darussa.

Saboda haka duk wanda ya ce wa iyaye fasaha za ta gyara kowane darasi ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba, kuma ranar da makin lissafi ya ƙi tashi, darasin zane ne za a fara yankewa. Abin da ya yi aiki a nan ƙayyadadde ne: malami wanda ya san sana'arsa, lokaci da safe wanda ba a cinye shi, da haɗa zane da wasa kai tsaye da aikin da ake so yaro ya iya. Ya kamata kuma a faɗa cewa ko da layukan insha'insa ba su ƙaru ba, ba daidai ba ne a kulle littafin yaro ɗan shekara tara wata uku a durowa. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya lissafa shiga harkokin fasaha da al'adu cikin haƙƙoƙin yaro, bai kuma gindaya sharaɗin sai ya cika layi biyar ba.

Makarantar ta bar darussan zane biyu a jadawalin shekara mai zuwa, ta kuma shigar da takarda mai gida shida a aji uku don yara su saba kafin su haɗu da insha'i. Kwantiragin malamin zanen na shekara ɗaya ne, kuma har lokacin da aka kammala wannan nazari ba a yanke shawarar sabunta shi ba. Matsalar cin haruffa tana nan, an rubuta wa malamin aji biyar cewa idan ba ta ragu ba zuwa ƙarshen zangon farko a nemi ƙwararre ya gwada yaron.